Sarauniya Mangu

Sarauniya Mangu shugabar Azna ce ta garin Lugu, kusa da Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar ta yau. Sarautarta ta haɗa mulki da jagorancin addinin gargajiya.

A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta yi ta ƙone garuruwa da kashe bayin Allah a kan hanyarta ta zuwa Tafkin Chadi, ta dira Lugu. Sarauniya ta ƙi miƙa wuya. Mayaƙanta suka tari masu bindiga da kwari da baka, aka gwabza, sannan suka janye cikin kurmi. Faransawa sun ƙone garin, amma ba su kama ta ba.

Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986.