Asalin Ƙamus Na Masu Koyon Turanci

Tun da daɗewa malaman Turanci suka lura da wani abu game da almajiransu na ƙasashen waje: yaro ya kan haddace kalmomi tuli, amma in ya zo rubutu sai ya sa wannan a gurbin waccan. Bahaushe ya kan ce ya sha ruwa, ya sha taba, ya sha wahala, duk da kalma guda. A Turanci kuwa kowanne da tasa, watau drink da smoke da suffer. Ƙamus irin na dā ba ya warware wannan, gama an yi shi ne domin waɗanda suka sha harshen a nono.

A cikin shekara ta 1930 wani masani na Kambirij, C. K. Ogden, ya ce maganin abin shi ne a rage kalmomin. Ya zaɓi guda 850, waɗanda takarda ɗaya ta ke ɗauka, ya kira su Basic English. Kalmomin aikatau 18 kaɗai ya bari a ciki. Dabarar ta yi suna ƙwarai, har Churchill ya yabe ta a Jami'ar Harvard a 1943. Amma fa sauƙin na ido ne kawai. Kalma kamar get, da zarar an jingina mata wata 'yar ƙarama sai ma'anarta ta sāke, almajiri kuwa ya rasa wadda a ke nufi. Wanda aka hana shi kalmar da ta dace, tilas ya yi ta kewaye-kewaye.

Michael West, wanda ya daɗe yana aikin koyarwa a Dakka ta ƙasar Bengal, shi ma ya taƙaita kalmomi, amma don a yi tsani da su a hau zuwa ga sauran. Ƙamus ɗin da suka fitar shi da Endicott a 1935 ya bayyana ma'anar kowace kalma da kalmomi 1,490 kaɗai.

To, a Japan ne aka yi aikin da ya fi tasiri. Harold Palmer ya isa can a 1922, A. S. Hornby kuma ya bi bayansa, suka yi shekaru suna duba kurakuran ɗalibai. Suka gane yawancin kuskuren ba na rashin sanin ma'ana ba ne, na rashin sanin abokiyar tafiyar kalma ne. Bature ya kan ce ruwan sama mai nauyi ne, iska kuwa mai ƙarfi, in aka musanya su sai kunnensa ya ƙi. Haka kuma make da do, waɗanda Hausa ta haɗa cikin "yi": da ta fari a ke yin kuskure, da ta biyu a ke yin aiki, ba kuwa wata ƙa'ida da za ta gaya wa baƙo dalili. Palmer ya tattara dubban irin waɗannan ya buga a 1933.

Daga nan Hornby, tare da Gatenby da Wakefield, suka shirya sabon ƙamus. Kowane suna sun nuna ko abin da a ke ƙirgawa ne ko wanda ba a ƙirgawa, kowace kalmar aikatau sun nuna irin ginin jimlar da ta ke shiga, sa'an nan suka cika littafin da misalai, domin mai rubutu ya ga kalmar cikin 'yan'uwanta kafin ya ɗauke ta. Abin mamaki, a Tokyo aka fara buga shi a 1942, Japan da Ingila suna tsakiyar yaƙi. Maɗaba'ar Jami'ar Oksfod ta sāke buga shi a 1948, shi ne kuma asalin Oxford Advanced Learner's Dictionary.