Sanin Ƙarshe da Ɗokin Jira: Martanin Masu Karatu ga Jerin Littattafan Marissa Meyer

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda masu karatu suka karɓi jerin Lunar Chronicles na Marissa Meyer, marubuciya 'yar Amurka da ta dasa tsofaffin tatsuniyoyin Turai a duniyar kutse, leƙen asiri da mutane masu gaɓoɓin ƙarfe. An dogara da littattafan huɗu da ra'ayoyin da ke yawan maimaituwa a sharhunan masu karatu, bisa ra'in martanin mai karatu. Maƙalar na ganin cewa sanin ƙarshen tatsuniya bai rage ɗoki ba, abin da ake ɗokin ne ya sauya.

Gabatarwa

Cinder ya fito a Janairun 2012, sai Scarlet a 2013, Cress a 2014, Winter kuma a Nuwamban 2015. Labari ɗaya ne aka yanka gida huɗu, kowane kashi da tatsuniyar da ya hau. Tauraruwar farko, Cinder, bakanikiya ce a kasuwar Sabuwar Beijin, hannunta da ƙafarta na ƙarfe, tana wahala a hannun mariƙiyarta Adri, yayin da annoba ke kashe jama'a, Sarauniya Levana ta duniyar wata kuma ke neman auren Yarima Kai don ta mallaki duniya. Duk wanda ya san Sindarela ta Charles Perrault ta 1697 ko ta 'yan'uwa Grimm ta 1812 ya gane hanyar. Bahaushen da ya ji tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ma ba zai ɓata ba.

Ra'in Bincike

A laccarsa ta 1967 a Jami'ar Konstanz, Hans Robert Jauss ya nuna cewa mai karatu kan shigo littafi da tsammanin da karatunsa na baya ya gina masa. Wolfgang Iser, a littafinsa na 1976 kan aikin karatu, ya tsaya kan giɓin da marubuci ke bari, ya lura cewa labarin da ake fitarwa kashi-kashi ana yanke shi ne daidai inda hankali ya tashi, don mai karatu ya ci gaba da saƙa sauran a ransa.

Sirrin da Kowa Ya Gano

Ƙorafin da ya fi yawo game da Cinder shi ne an gano tun da wuri cewa bakanikiyar ita ce Gimbiya Selene, magajiyar sarautar wata da aka zaci ta mutu a gobara. Dokta Erland, likitan fada, bai faɗa mata ba sai a kurkuku, a shafukan ƙarshe. Abin lura shi ne yawancin sharhunan da ke wannan ƙorafi kan ƙare da zumuɗin littafi na gaba.

A nan maƙalar ta saɓa wa masu ɗaukar wannan a matsayin raunin zubi. Wanda ya buɗe littafi a kan Sindarela ya riga ya san ƙasƙantacciyar yarinya za ta ɗaukaka. Tambayarsa ita ce ta wace hanya. Ina takalmin gilashi zai shiga a duniyar da ake dasa wa kowa guntun na'urar shaida a wuyan hannu? Amsar Meyer ita ce ƙafar ƙarfen Cinder da kanta ta cire a matakalar fada. A tsohuwar tatsuniya abin da ya faɗi shi ya kai yarinya ga aure. A nan shi ya tona asirinta a gaban Kai, daga nan sai kurkuku. Tsammanin da Jauss ya bayyana ya cika, kuma ya karye a wuri guda.

Jira tsakanin littattafai ya ƙara wa wannan armashi. Kusa da ƙarshen Cinder wata yarinya mai dogon gashi ta bayyana ta layin sadarwa na sirri, ta yi gargaɗin cewa Levana na shirin kashe Kai bayan aure. Masu karatu suka ce lallai wannan Rapunzel ce. Sai da suka jira shekara biyu kafin Cress ya nuna ta sosai: gwanar kutse da Sybil Mira, babbar hadimar Levana, ta kulle a tauraron ɗan'adam shekara bakwai, tana saurare wa Levana shugabannin duniya, tana ɓoye jiragen wata daga na'urorin hange. Waɗanda suka san cewa yariman Rapunzel ya makance sun shiga littafin da fargabar abin da zai sami Kyaftin Thorne, wanda ke matsayin yariman a wannan kashi, kuma ya makance ɗin bayan shi da yarinyar sun faɗo a Sahara. Sanin tatsuniyar ne ya haifi wannan fargaba.

Ƙorafin da Ya Fi Nauyi

Akwai suka ta biyu da ta cancanci a tsaya a kanta. Meyer ta ajiye labarin a Sin don tunawa da Ye Xian, tatsuniya mai kama da Sindarela da Duan Chengshi ya rubuta a ƙarni na 9, wadda ta riga ta Perrault da sama da shekara 800. Masu karatu da dama, musamman masu tushe a Asiya, sun ce Sabuwar Beijin ado ce kawai: sunaye, abinci da 'yan kalmomin girmamawa da aka tsinto daga al'adu daban-daban aka zuba a ƙasa ɗaya mai suna Tarayyar Gabas. Wannan suka tana da gaskiya. Ƙwarangwal ɗin labarin na Perrault ne, da liyafar fada da matakala da gudun dare, alhali kifin Ye Xian da ƙasusuwansa masu biyan bukata ba su sami gurbi ba. Mai karatun da ya shigo da tsammanin Turai ya tarar da giɓin da zai cike da saninsa. Wanda ya shigo da Ye Xian a ransa kuwa bai sami inda zai aza nasa sanin ba.