Aska da Fata: Yadda Reza Ta Kori Wata Tsohuwar Gwaninta

Yau ina so mu waiwayi wani abu da idonmu ya sha gani amma ba mu cika tambayar dalilinsa ba, wato yadda wanzami kan goga askarsa a jikin fata, wani lokaci ma a tafin hannunsa, kafin ya ɗora ta a kan mutum. Da yawanmu muna ɗauka wasa ta yake yi. To a gaskiya wasawa daban, wannan guga daban.

Dutse shi ke wasa aska, domin yana cin ƙarfe ya fitar da sabon baki. Fata kuwa ba ta cin ƙarfe sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Bakin aska ya fi gashin da yake yankewa sirantaka, saboda haka duk askin da aka yi sai ya ɗan lanƙwashe yadda ido ba zai gani ba. Aikin fata shi ne ta miƙar da shi, ta goge danshin da ke kawo tsatsa. Shi ya sa dutse sai jefi-jefi, fata kuwa kafin kowane aski.

Gugar ma tana da ƙa'ida. Za a ja fatar ta miƙe sosai, a kwantar da askar, baki da baya duk suna taɓa ta, sannan a ja ta baya yana gaba, baki yana biye, ba tare da dannawa ba. In an kai ƙarshe sai a mirgina ta a kan bayanta a dawo. Wanda ya juya ta a kan baki, ko ya bar fatar ta yi sako-sako, ya dakushe abin da ya zo gyarawa, wataƙila ma ya yanke fatar.

A Turai ma haka abin yake. Tun wajen 1680 maƙeran garin Sheffield na Ingila ke ƙera aska mai naɗewa cikin ƙota, kuma a wajen 1740 wani mai gyaran agogo, Benjamin Huntsman, ya gano dabarar narka ƙarfe mai tsabta da ke riƙe kaifi. Garin Solingen na Jamus da Thiers na Faransa su ma suka yi suna a sana'ar. A 1769 wani maƙerin wuƙaƙe na birnin Paris, Jean-Jacques Perret, ya rubuta littafi sukutum a kan yadda mutum zai yi wa kansa aski. A wancan zamani duk mai aska yana da fatarsa a rataye, kuma aska ɗaya sai uba ya bar wa ɗa.

Aski ya zo gaban goshi ne da wani Ba'amurke, King Camp Gillette, ya fito da siririyar reza wadda in ta dakushe sai a yar. A 1903 marikin reza 51 kacal ya sayar, da reza 168. A jikin tallarsa abin da ya fi nanatawa shi ne babu sauran dutse, babu sauran fata. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Amurka ta raba wa sojojinta miliyoyin rezar nan, suka koma gida da sabon sabo, 'ya'yansu suka tashi ba su san yadda ake riƙe fata ba. A 1975 kamfanin Bic ya fito da wadda ake yarwa har da marikinta.

Mu a ƙasar Hausa aska ta daɗe ba ta faɗi ba, domin wanzanci gado ne, maƙeri ya ƙera, wanzami ya adana a zabira, ga kuma Sarkin Aska yana lura da 'yan sana'a. Abin da ya girgiza ta shi ne cuta. Bayan an tabbatar da ɓullar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, likitoci suka yi ta jan kunne a kan aska ɗaya ga mutane da yawa, ga kuma ciwon hanta da shi ma ke bin jini. Gaskiya suka faɗa, domin fata tana gyara kaifi ne kurum, ba ta kashe ƙwayar cuta. Wanzamai da dama suka koma sabuwar reza ga kowane kai.

Ni dai ban ga laifin wanda ya ce sai an ɓare masa sabuwa a gabansa ba, lafiya uwar jiki ce. Abin da ke damuna shi ne ilimin kansa, domin a hannu yake zaune, kuma tsofaffin da suka iya suna ta ƙarewa. Mai askar kansa shi kaɗai ba abin da ya hana shi koyo. In akwai dattijon wanzami a unguwarku, mai karatu, ka je ka gaishe shi, ka roƙe shi ya nuna maka yadda yake mirgina askar nan.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.