Ɗalibin da aka manta a tarihin Arduino

A 2003, a garin Ivrea na Italiya, wani ɗalibi ɗan Kolambiya, Hernando Barragán, ya fara aikin kammala karatunsa, Wiring. Lokacin, ba da umarni ga ƴar ƙwaƙwalwar na'ura sai injiniya. Shi ya sauƙaƙa umarnin zuwa kalmomin da kowa zai riƙe: kunna, kashe, jira. Ni mai karatun harshe, nan abin ya burge ni.

A 2005 malaminsa Massimo Banzi da abokansa suka ɗora aikin kan guntun ATmega8 mai araha, suka raɗa masa Arduino, sunan wata mashaya. Arduino ya zagaye duniya, Barragán kuwa sai 2016 ya rubuta nasa labarin. Ƴan'uwa, in kun gama memuwar, ku adana kwafi da kwanan wata.