Kanban na mutum ɗaya

Kanban na mutum ɗaya hanya ce ta tsara ayyukan yau da kullum a kan allo. Asalinsa tsarin katuna ne da injiniya Taiichi Ohno ya ɓullo da shi a kamfanin motoci na Toyota a Japan, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jim Benson da Tonianne DeMaria Barry sun bayyana Kanban na mutum ɗaya a littafinsu Personal Kanban na shekarar 2011.

Akan raba allon gida uku: aikin da ke jira, wanda ake yi, da wanda aka gama. Kowane aiki yana da 'yar takardarsa da ake matsarwa daga gida zuwa gida. Ana ƙayyade yawan ayyukan da ke hannu, misali uku, kuma ba a ɗauko sabo sai an kammala ɗaya.