Goro da taba: abin da taunawa ke yi wa dasashi da haƙora

A Bande, kamar sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, ba a ɗaurin aure ko raɗin suna ba goro. Yana shigowa ne daga kurmin kudancin Najeriya, da Gana, da Kodibuwa. Wasu na cin shi zalla, wasu kuma na haɗa shi da tabar gari da kanwa, su dunƙula tsakanin leɓe da dasashi. Ga lafiyar baki, waɗannan biyun ba ɗaya ba ne.

Goro zalla

Goro na ɗauke da sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin kofi da shayi, shi ne ke korar barci da gajiya. Yana kuma da tanin, mai sa ɗaci, wanda ke rina haƙora su yi ja ko ruwan ƙasa. Tukar da ke maƙalewa tsakanin haƙora, in ba a cire ta ba, tana tara dauɗa, dasashi ya kumbura ya riƙa fitar da jini.

Goron Asiya

A Indiya, Bangaladash, Taiwan da wasu tsibiran tekun Pasifik akwai ɗan itacen areka, da ake naɗewa a ganyen betel da farar ƙasa a tauna. An ƙiyasta masu cin shi sun kai miliyan 600. A 2003, cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar lafiya ta duniya OMS, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa areka cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, ko da ba a haɗa da taba ba. Yana kuma sa naman cikin baki ya taurare har mutum ya kasa buɗe baki sosai. Areka da goro bishiyoyi ne daban, kuma goronmu ba ya cikin wannan jerin.

Inda haɗarin yake

Tabar taunawa kuwa tana cikin jerin. Kanwar da ake zuba mata na sa nikotin shiga jini da sauri, shi ya sa barin ta ke da wuya. A wurin da ake ajiye ta kullum, dasashi na janyewa, saiwar haƙori ta fito fili, haƙori ya soma girgiɗi. Wani lokaci farin tabo na fitowa, wanda kan iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba tun 2006.

Alamomin da ba a jira da su

Gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, tabo fari ko ja da ba ya goguwa, kumburi a harshe ko a wuya, wahalar haɗiya. Wanda ya ga ɗayansu ya je likitar CSI mafi kusa, daga nan a iya tura shi asibitin Magarya ko babban asibitin Damagaram. Ciwon dajin baki da aka gano da wuri ya fi sauƙin magani.

Kariya

Barin taba shi ne na farko. Mai cin goro ya kurkure baki bayan taunawa, ya goge haƙora safe da dare da asuwaki, ko da buroshi da man goge baki mai fuloraid.