Ɗaukar dare da rana

Ɗaukar dare da rana wata dabara ce ta shirya fim, inda ake ɗaukar fitowar waje da tsakar rana, sannan a sarrafa hoton ya zama tamkar da dare aka ɗauke shi. Faransawa na kiranta nuit américaine, wato "daren Amurka". Masu ƙaramin jari sun fi dogara da ita, domin haska fili ko daji da dare na buƙatar manyan fitilu, janareta da ƙarin ma'aikata.

Yadda ake yi

Mai ɗaukar hoto yana rage hasken da ke shiga kamara da kimanin mataki biyu, wato kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga. Sai a karkata launi zuwa shuɗi, ko dai da gilashin tacewa a gaban kamara, ko ta saita ta a kan hasken kwan fitila, Kelbin 3200, alhali hasken rana yana kusan 5600. A zahiri hasken wata ba shuɗi ba ne, hasken rana ne da wata ke maidowa. Idon ɗan Adam ne ya fi jin shuɗi idan haske ya yi ƙaranci. Ana sa rana a bayan ɗan wasa domin ta maye gurbin wata. A zamanin fim baƙi da fari kuwa, jan gilashi ake sawa domin ya duhunta sama.

Matsaloli

Sararin sama ne ya fi tona asirin dabarar, shi ya sa ake guje masa a hoto. Fitilar mota, tocila ko wutar itace ba sa haskakawa a cikin rana, don haka fitowar da ke da su ta fi kyau a ɗauke ta da almuru, sai dai wannan lokaci 'yan mintoci ne.

A fina-finai

François Truffaut ya sanya wa fim ɗinsa na 1973 sunan dabarar, La Nuit américaine, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim na harshen waje. A fim ɗin Mad Max: Fury Road na 2015, wanda aka ɗauka a hamadar Namibiya, an juya ƙa'idar: an ƙara haske fiye da kima domin kada inuwa ta rasa bayani, daga baya aka duhunta hoton a kwamfuta.